Yaron da Ba a Aika: Renon Makahon Yaro a Gidan Manomi, Misali Daga Rijiyar Zaki

Tsakure

Takardar nan ta dubi yadda ake renon yaron da ba ya gani a gidajen manoma na kewayen birnin Kano, ta tsaya a Rijiyar Zaki da ƙauyukan da ke bayanta a Ƙaramar Hukumar Ungogo. Hujjarta ita ce makomar irin wannan yaro tana yankuwa a tsakar gida tun bai isa shiga aji ba, kuma bayan rashin idon, babu abin da ya fi tauye shi kamar cire shi daga aike da aikin gida. An kafa bayanin a kan binciken likitocin ido, da nazarin masana rayuwar yara, da abin da mai lura zai iya gani a gidajen yankin.

Gabatarwa

Wanda ya zauna hantsi guda a tsakar gidan manomi a Rijiyar Zaki zai ƙirga aike har ya gaji. A kai wa Baba ruwa gona. A sayo gishiri da daddawa wajen mai tebur. A karɓo rariya a maƙwabta, a kai niƙa inji, a kori akuya daga kan shanya. Da yaro ya kai shekara huɗu ya shiga wannan layi, kuma a nan yake koyon ƙidayar kuɗi da gaisuwa, ya san lungunan unguwa da sunayen mutanenta. Enid Schildkrout, wadda ta nazarci rayuwar yara a cikin birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa sana'ar matan kulle da ƙafar yara take tafiya, domin su ne 'yan talla, su ne masu kai saƙo tsakanin gidaje. Abin da ta gani a birni yana nan a ƙauye, da ƙarin gona da kiwo.

A gefen wannan hada-hada, a wasu gidajen, za a ga yaro guda zaune kan tabarma a inuwa. Idan aike ya tashi ba a kiran sunansa. In ya yunƙura, sai murya ta tare shi: "Zauna, kada ka faɗa wuta." Ana son sa, ana ba shi abinci a kan lokaci, wataƙila ma kasonsa ya fi na 'yan'uwansa. Sai dai shekara takan zo ta wuce ba wanda ya ce da shi miƙo min ludayi. Wannan yaro ne takardar ta zo magana a kansa.

Rijiyar Zaki mazaɓa ce a Ungogo, a kan titin Gwarzo bayan an wuce Kabuga, daf da sabon mazaunin Jami'ar Bayero. Tana cikin ƙasar da Michael Mortimore da abokin aikinsa Wilson suka yi rubutu a kanta a 1965, wato karkarar da ta kewaye Kano, inda jama'a suka yi yawan da ba a barin gona ta huta, sai dai a ciyar da ita da takin dabbobi da sharar birni da jakuna ke kawowa. Polly Hill ta zauna a Ɗorayi, kusa da nan, a farkon shekarun 1970, ta bayyana yadda gado ke ta yanka gonaki suna ƙanƙancewa, har noma kaɗai ya daina riƙe gida. Yau birni ya cinye bakin titi, gonaki da yawa sun koma fulotai, kuma tun a ƙidayar 2006 mutanen Ungogo sun haura 360,000. A ƙasa irin wannan kowa yana buƙatar sana'a ta biyu da zai kama da rani. Wanda ya tashi ba a koya masa ko ɗaya ba, hanyar da ta rage masa ita ce bakin titi.

Inda idon yake tafiya

Kafin a yi maganar reno, ya kamata a faɗi gaskiya mai ɗaci: da yawa daga cikin yaran nan da idonsu aka haife su.

Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma kashi 84 cikin 100 na wannan makanta abu ne da za a iya hanawa ko a warkar. Wannan lissafin manya ne. Na yara yana da nasa musabbabai, kuma a ƙasashe matalauta ɗaya daga cikin manyansu shi ne tabon da ke rufe tantanin nan mai haske na saman baƙin ido, abin da Bahaushe ke kira hakiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙarancin bitamin A yana makantar da yara 250,000 zuwa 500,000 duk shekara, kuma rabinsu ba sa cika shekara guda a raye bayan idon ya tafi. A 1979 likitoci biyu, John Sandford-Smith da Hilton Whittle, sun wallafa abin da suka gani a arewacin Najeriya game da gyambon ido da ke biyo bayan ƙyanda, musamman a jikin yaran da tamowa ta riga ta raunana. Ƙyanda tana ƙone ɗan bitamin A da ya rage a jiki, idon ya bushe, ya yi gyambo, ya fashe ko ya warke da farin tabo.

Harshen Hausa ya riga likita sanin alamar farko. Dundumi, wato yaro ya daina gani da zarar magariba ta yi, ya riƙa tuntuɓe da turmi ko ya lafe jikin uwarsa, gargaɗi ne cewa bitamin A ya yi ƙasa. A wannan matakin hanta, ƙwai, manja, zogale, karas, gwanda da mangwaro, tare da ɗan ƙwanson nan da ma'aikatan lafiya ke matsa wa yara a baki sau biyu a shekara, shuɗi ga 'yan wata 6 zuwa 11, ja ga 'yan shekara ɗaya zuwa biyar, suna dawo da gani. Allurar ƙyanda kuwa a wata tara ake yin ta farko, ta biyu a wata 15, kuma kyauta ce.

Ba a raba wannan batu da tarihin amana tsakanin jama'ar Kano da allura. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, da dakatar da rigakafin shan inna daga 2003 zuwa tsakiyar 2004, sun bar tabo a zukata, kuma uban da ya ɓoye ɗansa daga masu ɗigon baki sau da yawa ya ɓoye shi daga allurar ƙyanda ma. Mai takardar ba ya ganin irin wannan uba a matsayin jahili. Mutum ne da aka taɓa ba shi dalilin tsoro, kuma har yau ba a gama lallashinsa ba.

Sai abin da ake ɗiga wa ido a gida. Idon yaro ya yi ja ya kumbura, kaka ta kawo ruwan ganye, maƙwabciya ta ce a matsa nono, wani ya ce ruwan sukari, wani ya sayo ɗigo a kemis ba tare da an duba ba. Wasu ɗigon suna ɗauke da maganin da ke kwantar da ja amma yana ƙara wa gyambo zurfi. Kowa da niyyar alheri ya zo. Marubucin Masar Ɗaha Husaini, wanda aka haifa a 1889, haka ya rasa nasa idon yana ƙarami, a hannun wanzamin ƙauye.

Akwai kuma jaririn da aka haifa da yana a ido. Ba kamar ta tsoho ba, wannan ba ta jira, domin ƙwaƙwalwa a watannin farko take koyon gani, kuma likitoci sun fi son a cire ta cikin makonnin farko na rayuwa. In aka bari har ya yi wayo, ko an yi aikin ganin ba ya cika dawowa sosai. Farin abu a tsakiyar baƙin ido yana iya zama ma alamar dajin ido, wanda ke kisa. Daga Rijiyar Zaki zuwa asibitin ido na ECWA da ke Sabon Gari, wanda mishan ɗin SIM ta buɗe a 1943, ko Asibitin Murtala, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tafiyar Adaidaita Sahu ce. Abin da ke cinye makonnin shi ne zaman jego na kwana arba'in, da jiran izinin maigida, da kuɗin kati, da maganar nan da kowa ke yi wa mai jego don kwantar mata da hankali: bari ya yi ƙwari tukuna.

Shekarun goyo

In idon ya tafi ba dawowa, sai a shiga babin da ba asibitin da ke koyar da shi.

Selma Fraiberg ta Jami'ar Mishigan a Amurka ta bibiyi jarirai goma da aka haifa makafi, ta wallafa sakamakon a 1977. Ta lura cewa jariri mai gani yakan miƙa hannu ga abin da ya gani tun yana wata biyar, amma makaho ba ya miƙa hannu ga abin da ya ji ƙararsa sai a watannin ƙarshe na shekararsa ta farko, domin sai ya fara gane cewa ƙarar nan tana da jiki da za a iya kamawa. Shi kuma rarrafe da tafiya sai da dalili: yaro yana tafiya ne don ya cim ma wani abu. Shi ya sa yaran nata ba su iya ƙetare ɗaki da ƙafarsu su kaɗai ba sai wajen wata 19. Ta kuma lura cewa iyaye mata da yawa sukan karaya saboda fuskar jaririn ba ta amsa musu, alhali amsar tana hannunsa, yatsunsa suna motsi suna lalube idan ya ji muryar da ya sani.

Idan aka ɗora wannan a kan gidan Bahaushe, za a ga riba a ga asara. Ribar ita ce goyo. Jaririn da ke bayan uwarsa yana jin bugun taɓarya a jikinsa, yana jin sunkuyawarta a bakin rijiya, yana shaƙar hayaƙin murhu, yana jin muryarta ta cikin ƙashin bayanta. Abin da masana a Turai ke rubuta wa iyaye a takarda su yi da gangan, uwa a Rijiyar Zaki tana yin sa ba tare da an gaya mata ba. Sai dai goyon makaho yakan daɗe fiye da ƙima. Ana tsoron sauke shi, ga garwashi, ga kwata, ga tukunyar ruwan zafi, sai ya kai shekara uku ƙafarsa ba ta san ƙasa ba.

Asarar da ba a cika magana a kanta ba ita ce kunyar ɗan fari. Al'ada ta hana uwa kiran sunansa, ta hana ta yi masa wasa a gaban mutane. Yaro mai ido yana ganin ta saci kallonsa, ya ga ta ajiye masa ƙanzo a gefe, ya gane. Makaho ba shi da wannan hanya, muryarta ce fuskarta a wurinsa, kuma in ta yi shiru kamar ta fita ne daga ɗakin. Ba sai an rushe alkunya ba. Gidan yana da kaka, wadda al'ada ta ba ta izinin tsokana da wasa, yana da goggo da yayye mata, kuma uwar tana da laƙabin da za ta kira shi da shi. Abin da ake nema shi ne wani ya riƙa yi masa magana duk yini, yana ba abubuwa suna daidai lokacin da hannunsa ke kansu: wannan ƙwarya ce, wannan gero ne, wannan dawa, ji bambancinsu. Mai shigowa ya faɗi sunansa, mai fita ya ce na fita, kada yaron ya yi ta magana da bango.

Uwa kuma tana ɗauke da nata kayan. In yaro ya zo da nakasa, tambayar da ake yi a ɓoye ita ce me ta taka, ina ta fita da magariba, wa ta yi wa dariya tana da ciki. Wasu a ce iska, wasu a ce hannu. Uba zai iya fita kasuwa ya sha iska, ita tana nan da yaron dare da rana, wani lokaci ga kishiya mai 'ya'ya lafiyayyu a ɗaki na gaba. Duk shirin taimakon yaro da bai fara da sauke wa uwarsa wannan zargi ba, a bakin zaure zai tsaya.

Aike

Tsakar gida ta fi kowane ɗakin horo dacewa da koyon tafiya, in aka yi mata sharaɗi ɗaya: kowane abu ya zauna inda yake. Randa a gindin bishiya, turmi a jikin katanga, murhu a kusurwarsa, rijiya da murfi. Makaho da taswirar da ke kansa yake tafiya, kuma wanda ya bar bokiti a hanya ya goge masa layi guda a cikinta. Yana gane inda yake da kukan awaki a turke, da amon muryarsa idan ya shiga zaure, da sauyin ƙasa a tafin ƙafarsa daga daɓe zuwa rairayi. Ƙafar da ba takalmi tana karanta ƙasa.

Daga nan sai aikin hannu, kuma gidan manomi cike yake da aikin da ba ya neman ido. Ɓarar gyaɗa, ɓarzar masara, tsinkar zogale da rama, tankaɗe, wanke kwanuka, ba dabbobi dusa da harawa, tufkar igiya, saƙar faifai da tabarma. Ko a gona, kunya layi ce da ƙafa ke bi, kuma shuka da diddige ake rufe ta. Manomin da ya sa makahon ɗansa a bayansa ranar shuka, ya ba shi ƙoƙon iri ya ce zuba uku-uku, ya ba shi abin da zai ce nawa ne idan dawa ta fito.

Zai zubar da ruwa, zai fasa ƙwarya, zai yi tuntuɓe ya fasa goshi. 'Yan'uwansa masu ido ma sun yi duk wannan, ba wanda ya ce su daina tafiya. Haka kuma faɗa: in ya yi rashin kunya a tsawatar masa kamar kowa. Yaron da ba a taɓa yi wa faɗa ba ya san an cire shi daga lissafi, kuma 'yan'uwansa sun sani, daga nan ƙyashi ke shiga tsakani. Yaron da aka bari a zaune kuwa yakan nemi motsi a jikinsa, ya riƙa jijjiga gaba da baya ko danna ido da yatsa, sai mutane su ce ai har da taɓin hankali, alhali zaman ne ya yi masa yawa.

Karin maganar da ke cewa aikin banza makaho da waiwaye tana nuna inda harshe ya ajiye makaho, wato wajen misalta abin da ba shi da amfani. Amma tarihin da Musulmin Kano ya fi girmamawa ya ajiye shi wani wuri dabam. Abdullahi ɗan Ummi Maktum, wanda farkon Suratu Abasa ya sauka a kansa, ladani ne tare da Bilal, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barin sa riƙon Madina idan zai fita. Aiki aka ba shi, har da aikin shugabanci. Ya kamata limaman yankin su riƙa kai huɗuba har wannan gaɓa, domin iyaye sun ji wa'azin haƙuri da ƙaddara sun ƙoshi, abin da ba su cika ji ba shi ne ka aiki ɗanka.

'Ya mace tana da ƙarin ƙunci. Tsoron kada a cutar da ita gaskiya ne, kuma duk wanda ya san halin duniya ba zai raina shi ba. Amma kulle ta a ɗaki ba ya koya mata gane muryar baƙo, ko cewa a'a, ko gaya wa uwarta abin da ya faru. Wadda ta iya girki da wanka da kula da jikinta, wadda ta san hanyar Islamiyya da ƙawayenta, ta fi wadda aka ɓoye samun kariya.

Ɗan jagora da ƙoƙon bara

Makafin Kano ba su taɓa zama jama'a maras tsari ba. Suna da sarautar Sarkin Makafi, suna da unguwarsu a gindin Dala, suna aure da suna da sasanci a tsakaninsu. Wannan tsari ya ba dubban mutane mutunci da mafaka lokacin da ba wata hukuma da ta san da su. Sai dai tattalinsa a kan sadaka ya ginu, kuma uban da ya rasa yadda zai yi da makahon ɗansa yakan ga cewa can ne kaɗai aka san darajarsa.

Bara tana cin yara biyu. Makahon yana riƙe da sanda ta baya, ƙaninsa ko ƙanwarsa na riƙe da ita ta gaba, kuma shi ɗan jagoran ma ya bar makaranta. Gwamnatocin Kano sun sanar da hana bara a titi a 2013, suka sake a 2020. Dokar tarayya ta hana wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta haramta amfani da nakasasshe wajen neman sadaka, ta kuma yi alkawarin ilimi kyauta har sakandare da kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Wa'adin shekara biyar da ta ba gine-ginen jama'a su gyara hanyoyin shigarsu ya cika a Janairun 2024. Duk wanda ya bi gefen titin Gwarzo da ƙafa, ya ga kwatoci a buɗe da kayan 'yan kasuwa a kan hanyar masu tafiya, zai auna nisan da ke tsakanin takarda da ƙasa. Kora daga danja ba ta sauya komai ga mutumin da tun yana shekara huɗu aka zaunar da shi.

Allo biyu

Makarantar allo ba ta taɓa rufe wa makaho ƙofa ba, domin karatunta da kunne ne: malam ya biya, ɗalibi ya maimaita. Ƙasar Hausa ta san makafi mahaddata, ta san Aliyu Namangi na Zariya, wanda ya makance tun yana jariri, ya tsara waƙoƙin Imfiraji da har yau ake rerawa, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Don haka matakin farko na fita daga gida a buɗe yake, kuma ba ya cin kuɗi. Yaro ya bi 'yan'uwansa makarantar allo tun yana shekara huɗu ko biyar, ya zauna cikin tsara.

Amma hadda ba ta maye gurbin rubutu. Luwi Birel, ɗan wani baduku a Faransa, ya ji ciwo a ido a shagon ubansa yana shekara uku, ya makance, kuma yana shekara 15, a 1824, ya tsara rubutun ɗigo shida da yatsa ke karantawa. Da waɗannan ɗigo ake rubuta Turanci da Larabci da lissafi, da su aka buga Alƙur'ani, kuma Hausa tana da alamominta na ɓ da ɗ da ƙ. Kayan aikin farko ɗan allo ne mai ramuka da tsinke mai kai, ana huda takarda daga dama zuwa hagu, a juya ta a karanta daga hagu zuwa dama. Yatsan da ya saba bambance gero da dawa ya riga ya yi rabin shirin wannan karatu. Wayar hannu ma yanzu tana magana, TalkBack yana cikin wayoyin Android kyauta, amma sauraro ba ya koya wa yaro yadda ake harhaɗa kalma.

Makarantar makafi ta farko a Najeriya ita ce ta Gindiri, wadda mishan ɗin SUM ta buɗe a 1953, kuma kasancewarta ta mishan, a nesa, ya sa iyaye Musulmi da yawa suka ƙi kai 'ya'yansu. Kano ta buɗe tata a Tudun Maliki a 1977, inda ake koyar da makafi da kurame. Makaranta guda ba za ta ɗauki jihar da ke da ƙananan hukumomi 44 ba, kuma uwa ba ta sakin ɗan shekara shida ya tafi kwana a wani wuri cikin sauƙi. Firamaren unguwa kuwa, duk da shelar ilimi kyauta kuma dole ta 2019, ajinta cike yake maƙil, malamin yana rubutu a allo yana cewa ku kwafa. Makaho a irin wannan aji yana zaune ne kawai a wata tabarmar.

Abin da ke ba mai takardar takaici, kuma yake ba shi fata, shi ne kusancin. Sashen Ilimi na Musamman na Jami'ar Bayero, inda Farfesa Jibrin Isa Diso, makaho ɗan birnin Kano, ya koyar har ya kai ƙololuwar karatu, maƙwabcin Rijiyar Zaki ne. Jami'ar tana cikin cibiyoyin da hukumar JAMB ke yi wa makafi jarrabawar shiga jami'a, ƙarƙashin shirin da ta kafa a 2017. Yaron da ke kan tabarma yana iya jin ƙarar motocin ɗalibai suna wucewa.

Wanda zai shiga zaure

Tsarin da ake da shi yana jiran yaro ya kai shekara shida ya zo da ƙafarsa, alhali ƙafar ce ba a koya wa tafiya ba. Dole wani ya je gidan. Kano ta taɓa yin irin wannan aiki: yaƙi da shan inna ya shiga gida-gida, da mata masu shiga har ɗaki, da masu unguwanni da dagatai a gaba, da alli a jikin katanga, har aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a ranar 25 ga Agusta, 2020. Matan nan suna nan, sun san kowane gida. Ƙara musu ɗan tocila da tambaya biyu, ko jaririn yana bin haske da ido, ko akwai fari a baƙin idonsa, ba zai ci kuɗin a zo a gani ba. Ungozoma da wanzamin da ke zuwa ranar suna ma suna ganin jaririn kafin kowane likita.

Ɗaliban sashen ilimi na musamman suna fita koyon aikin koyarwa kowace shekara. Babu abin da zai hana a lissafa wa wasunsu ziyarar gida a Rijiyar Zaki da Rimin Gata a matsayin aikin, mace ta shiga wajen uwa, namiji ya zauna da uba a zaure, tare da wani babban makaho mai sana'a ko mai karatu. Wannan na ƙarshe ya fi kowa muhimmanci. Uban da bai taɓa ganin makaho ba sai da ƙoƙo a hannu, in ya ji wani ya yi sallama, ya zauna, ya ciro waya ya karanta saƙo, ya ce yana koyarwa a makaranta kaza, zai dubi tabarmar nan da wani ido.

Darasin farko da mai ziyarar zai bar wa gidan ba shi da tsada. Uwa ta riƙe hannun yaron sau uku ko huɗu daga zaure zuwa teburin mai gishiri, hannunsa ɗaya yana shafar katanga, tana faɗa masa: nan ƙofar gidan Malam, nan kwata ce ka tsallaka, in ka ji injin niƙa ka karya dama. A sanar da mai teburin tun da wuri. Rana ta biyar ta ba shi kuɗi da ɗan karan dawa a hannu, ta ce, "Auta, je ka sayo min gishiri, ka ce a ba ka canji." Yayarsa ta bi shi a baya da taku goma, ba magana, ba taɓawa, sai in babur ya taho. Idan ya dawo, uwar ta karɓi ƙullin, ta ƙirga canjin, in bai cika ba ta mayar da shi ya karɓo.